Ni Na Ce wa Altine Rabo Ake

Ranar Laraba ce. Na yi sallar asuba, na sha kunu, na rataya rediyona a wuya, na nufi fadama ban ruwan albasa. Aji huɗu na yi a firamare kafin ubana ya ga ilimin ya yi mini yawa ya cire ni. Da wanga ilimi nake riƙe da kujerar mai faɗin labarun duniya a ƙauyenmu, can bayan Kajiji. Ba wanda ya naɗa ni, shi ya sa ba mai iya tuɓe ni.

Shekarar kuwa rediyo ta sha magana. Zaɓe, tsadar mai, taron manya a Abuja. Kowane wata sai an ce an karya lagon 'yan bindiga. Ni ke kai wa mutane wanga albishir gindin durumi, har Altine ya tambaye ni ko lagon nasu na roba ne.

Altine taubashina ne, ɗan gwaggona. Mun fi shekara sittin muna zagin juna da izinin iyaye. Fadamarsa na jikin tawa, shingen ƙaya kawai ya raba mu.

Ku da ba ku nan, sai kun san abin da shekarar ta koya muna. A da, in anka ji babura da yawa, daji ake shiga. Da kakar zaɓe ta kama, sai babura sunka fara zuwa da taliya da sabulu da atamfa. Sau uku sunka zo. Wanda ya riga isa dandali shi ke samu. Haka munka koyi gudu zuwa wurin ƙarar. A zuwansu na uku Altine yana bayan gari biyan buƙata, ya dawo ya tarar da kwali wofi. Sati biyu ina zuwa gidansa kowace safiya ina yi mai ta'aziyyar taliya.

Ƙarfe tara saura kwata na ji ƙugin babura. Daga yamma yake zuwa. Yamma daji ne. Masu taliya ta gabas suke shigowa, ta bakin kwalta, da lasifika da kiɗa. Wanga ba kiɗa. Na san duk wannan. Amma bakina ya riga kaina.

Na leƙa ta shinge na ɗaga murya: "Altine! Rabo ake! Yi maza kada ta sake wuce ka!"

Ya jefar da fartanya. Ya tattare riga. Ya ruga yana ɗingisa gwiwarsa mai ciwo. Wasu magidanta biyu da ke ban ruwa gaba da mu sun ji ni, su ma sunka bi shi. Na yi dariya har na zauna kan kunya.

Ƙarfe tara daidai na ji harbin farko. Guda ɗaya, tau. Sai shiru. Sai kuma ya ɓarke ba tsayawa. Na ji wata murya: "Ku kwanta! Ina shanu?" Na ji mata na kiran sunayen 'ya'yansu. Na faɗa cikin hanyar ruwan albasa, na kwanta rub da ciki. Rediyo na ta magana a ƙirjina. Na danna ta cikin laka har ta mutu.

Tara da rabi hayaƙi ya taso. Warin gero ne, rumbuna ke ci. Goma da kwata babura sunka juya yamma, shanunmu a gaba. Daga nan ba a jin komai sai awaki.

Na shiga gari da rarrafe, ni dattijo mai jikoki. Mata da yara sun riga sun bi kwari sun tsere, har da Hajjo matar Altine. Magidantan nan biyu na kwance bakin dandali. Altine na tarar ƙofar maƙera, jingine da bango, ya dafe ciki. Yana numfashi. Buba maƙeri ya fito daga ƙarƙashin tarin kara, munka ɗaure cikin da rawanina, munka aza shi kan jakina.

Sha ɗaya munka bar gari. Ba mu bi hanya ba, gonaki munka ratsa. Buba na jan jaki, ni ina tallabe da Altine. Jini ya jiƙa mangala. Wajen ƙarfe ɗaya ƙugin ya sake tasowa bayanmu. Buba ya ce, "Kwari! Ku sauka kwari!" Munka kwantar da Altine cikin rairayi, na toshe mai baki da hannu kada nishinsa ya fito. Babura sunka wuce ta sama, kusa ƙwarai. Azahar a nan ta same mu. Munka yi taimama munka yi ta a zaune.

La'asar munka fito kwalta a Kajiji. Wani direban motar albasa ya tsaya, Allah ya saka mai. Jakin nan na bar shi bakin hanya, ban ko waiwaye shi ba. Ƙarfe biyar munka isa Shagari. Ma'aikacin asibiti ya wanke raunin ya ɗaure, ya ce wanga sai Sakkwato. Munka koma bayan mota, kan buhuna.

Mun ɗan bar Shagari sai Altine ya buɗe ido. Ya dube ni ya daɗe. Na ce a raina yau zan sha zagin gaskiya, kuma na shirya. Ya ce, "Taubashi, wagga taliya taka da zafi take." Ya so ya yi dariya, cikin ya hana. Ban sami abin ramawa ba. Tunda muke ban taɓa rasawa ba sai ranar.

Ana kiran magariba munka shigo Bodinga. Buba ya taɓa ƙirjin Altine, ya buga wa direba mota ya ce ya tsaya, tafiyar ta ƙare. Mutanen Bodinga sunka yi muna sutura. Washegari da hantsi anka sa shi cikin maƙwabtan da bai san ko ɗaya ba.

A nan muke har yau, a zauren wani bawan Allah. Mutum bakwai munka rasa. Huɗu a gidajensu anka same su. Uku da ƙafarsu sunka je.

Kwana huɗu bayan jana'iza Hajjo ta iso. Ta zauna nesa da tabarmata, ta gaishe ni, na yi mata gaisuwa. Sai ta ce, "Malam, abu ɗaya ke damuna. Mutumin ga yana fadama, kusa da kwari. Mi ya kai shi dandali?"

Na ce mata rediyo na kunnena, ban ji komai ba.