Gemu Na Zuwa, Suma Na Tafiya

Tun yana saurayi ake kiransa Mai Suma, kuma ya ci sunansa. Shagonsa na aski ɗan ƙaramin ɗaki ne: kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa, madubi mai tsaga, da benci inda masu jiran layi ke warware matsalolin duniya. Kawunan unguwa kaf sun bi ta hannunsa, nasa kuwa man shafawa da mataji kawai ya sani. Matarsa ta sha faɗa a gaban mutane cewa sumar ta aura, shi gyara aka ba ta. Kowa ya yi dariya ya manta, shi ya riƙe maganar da gaske.

Da ya haura arba'in, tsakar kansa ta fara haske. Ya sayi hula, ya shiga kwana da ita, wai sanyi yake ji. Tsoronsa ɗaya ne a duniya, kada matar ta gani.

A ɓoye ya je wurin likita.

"Likita, gemu sai ƙaruwa yake, sama kuma ana ta watsewa. Wannan wane irin rashin adalci ne?"

"Ai saƙo ɗaya ne," in ji likitan. "Akwai wani sinadari da jiki ke zubawa cikin jini, ya zaga ko'ina. Ƙwayoyin jikin da ke da wurin karɓarsa su ne ke amsawa, kowa da irin amsarsa. Na tushen gemu in sun karɓa, sai gashi ya yi kauri. Na tsakar kanka kuwa sai su tsuke, gashin ya sirance har ya daina fitowa. Gado ne."

"To ba za a ce musu su toshe kunne ba?"

"Akwai maganin da ke rage gudun abin. Wanda ya daɗe da tafiya dai, sai haƙuri."

Ya dawo gida. Ya tarar da matarsa tana ninke wanki, ya tsaya a gabanta ya cire hular kamar ɓarawon da ya kawo kansa. Ya jira hukunci.

Ta ɗago ta dubi wurin, ta ci gaba da ninkewa.

"Au, ashe ka sani, baban yara? Ni kuwa shekara da shekaru nake tsince gashin daga matashi kafin ka farka, don kada hankalinka ya tashi."