Gidan Tela a Bakin Magudanai Biyu

Daga mahaifinsa Tela ya gaji keken ɗinki da gidan nan, wanda ke daidai inda wani birni ya ƙare, wani ya fara. A zauren yake ɗinki tun yana saurayi har furfura ta cim masa. Mutum ne mai haƙuri, in dai ba zancen ruwa aka ɗauko ba.

Birnin gabas ya gina magudana, ta zo iyakarsa ta tsaya cak. Na yamma ya ce ai ba a fi shi ba, ya gina tasa, ita ma ta tsaya a tasa iyakar. Bakunan biyu kuwa gidan Tela suke kallo. Da an yi ruwa sai ya naɗe wando ya ɗora keke kan tebur, matarsa na kwarfa da roba tana mita. Bangon ɗakin Inna, mahaifiyarsa, ya sha ruwa har ya tsage, tsohuwa kuwa ta kafe.

"Nan aka kawo ni amarya, nan za a ɗauki gawata," in ji ta.

Takalminsa ya ƙare a zaryar ofisoshi. Gabas su ce, "Baba, ruwan ya bar hannunmu." Yamma su ce ya koma gabas. Takaici ya ishe shi, har ya fara karya allura.

Da ya ji biranen biyu za su zauna su yi tsarin ƙasa tare, sai ya ɗinka sabuwar riga ya tafi. Aka ba jama'a dama, ya miƙe.

"Ranku ya daɗe, ni ɗinki na sani. In ƙyalle biyu ne, haɗa bakinsu ake yi. Ku haɗa magudanan nan mana!"

Aka yi ta tafi. Ya dawo gida yana taku ɗaiɗai, ya ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, gyara na tafe.

Sun zo kuwa, injiniyoyin gabas da na yamma a mota ɗaya, suna raha kamar 'yan ɗaki ɗaya. Suka auna daga wannan baki zuwa wancan. Layin ya ratsa zaure, ya bi ta tsakiyar ɗakin Inna. Ɗayansu ya shafa jan fenti a bango, alamar rusau.

"Baba, shawararka fa muka bi."

Daga ciki Inna ta ɗaga murya. "Su wa ke nan? Masu gyaran ne?"

Tela ya dubi fentin yana gangarowa kan tsagar.

"Su ne, Inna," ya ce.