Filo Uku Tsakanina da Sujada

Assalamu alaikum 'yan uwa, da ɗalibaina na da da na yanzu. Tun kakar bara ban ce uffan a nan ba. Na ga saƙonninku, ku gafarce ni. Yau zan faɗa muku abin da ya same ni, da dalilin da ya sa ake raɗe-raɗin wai Malam ya shiga addinin Indiyawa.

Da yawanmu in an ce yoga, bautar rana muke hangowa. Ni ma haka na ɗauka.

Ranar kasuwa ce, muna dawowa daga Tsanyawa a bas bayan la'asar. Mutane a kan babura suka tare hanya. Direba ya yi yunƙurin juyawa, suka harbe shi a wuya. Jininsa ya fantsamo min a riga.

"Kowa ya fito! Fuska a ƙasa!"

Muka kwanta. Wata tsohuwa ta kasa durƙusawa saboda gwiwa, suna ta zabga mata bulala. Na ɗago kai na ce, "Don Allah ku yi mata haƙuri." Ɗaya ya taka min ƙeya da takalmi har bakina ya cika da yashi, ya sauke min gindin bindiga a gadon baya. Sau uku na ƙirga. Ban san na huɗun ba.

Da na farfaɗo sun tafi. Da ƙafata na shiga gida. Kwana uku bayan nan ƙafar hagu ta mutu, ko tsinke aka soka min ba na ji.

Mun fara zuwa wajen mai ɗori. Ya danna, ya ja, na suma. Kada ku yi wannan kuskuren.

A babban asibiti a Kano aka yi min hoton ƙashi, sannan aka tura ni cikin wata na'ura mai kama da kabari, tana ƙara. Likita ya ce ƙashin baya ya tsage, yana danne jijiya. Gyaɗar da muka noma gaba ɗaya a nan ta tafi, har da akuyar matata Hauwa. Allura, bel a ƙugu, kwanciya a kan katako, fitsari a roba. Sallah kuwa da ishara.

Bayan watanni ƙashi ya haɗe. Likita ya ce, "Malam, ka warke. Je ka yi sujadarka."

Na kasa.

Ba ciwo ba ne. Da zarar fuskata ta doshi ƙasa sai numfashina ya ɗauke, in ji yashi a haƙorana, in ji takalmi a ƙeyata. Sai in zabura ina haki. Ni da nake koya wa yara yadda ake sujada, na koma yin sallah a kan kujera, ina cewa bayana ne. Ban taɓa jin tsoro irin na in mutu goshina bai sake taɓa ƙasa ba.

Likitan gashin ƙashi ne ya gano ni. Ya ce in kwanta rub da ciki, ya ga ina karkarwa.

"A haka suka doke ka?"

Na ɗaga kai.

"To, jikinka bai samu labarin an gama ba. Za mu sanar da shi a hankali. Ka san yoga?"

Na ce, "A'uzu billahi."

Ya yi dariya. "Malam, ni ma ina sallah. Ba abin da za ka bauta wa, ba abin da za ka karanta. Numfashi ne da miƙa."

Mako biyu na farko rigingine kawai nake kwanciya, hannu a ciki, in ja numfashi ta hanci ina ƙirga huɗu, in sake shi ina ƙirga shida. Daga nan na koma kan gwiwa da tafin hannu, in gantsare baya, in ƙudundune shi. Hauwa ta leƙo ta ce, "Ikon Allah! Na auri malami, an musanya min da mage."

Baba, mahaifina, kuwa bai yi dariya ba. Ya zauna ya kalle ni har na gama, ya ce, "Me kake faɗa a ranka?"

Na ce, "Ƙirge, Baba."

"To, ƙirge ba shirka ba ne. Ci gaba."

Mai wuyar shi ne na uku: in zauna a kan dugadugai, in sunkuya, in ajiye goshi. Likita ya ce in tara filo uku a gabana. Ranar farko numfashi biyu na yi a kai, na yi wurgi da su, na yi amai. Washegari na sake. Da na iya numfashi goma, Hauwa ta zare filo ɗaya. Na biyun ya ci wata guda. Na ƙarshen na riƙe shi kamar za a ƙwace min rai, har ta ce, "Ni ce a bayanka, ba kowa."

Wata Talata da azahar, a masallacin ƙofar gidanmu, liman ya yi kabbara, na ture kujerar na bi shi ƙasa. Tabarma ce kawai a goshina. Jama'a sun ɗago, ni ban ɗago ba, ina kuka.

Alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa likitocina, da Hauwa, da Baba, da ku masu addu'a. Direbanmu, Allah Ya jiƙansa.

Mai son farawa: in kana da rauni, likita tukuna. Kada ka kwaikwayi masu ɗora ƙafa a wuya da kake gani a waya. Kada ka yi da cikakken ciki. In ka ji zafi mai suka, tsaya. Duk abin da ka ga ya yi kama da bauta, bar shi, miƙar ta ishe ka.

Na san a ƙauyukanmu akwai waɗanda aka kwantar irin yadda aka kwantar da ni, suna ɓoyewa. Gobe da hantsi shimfiɗa tabarma, ka kwanta rigingine, ka yi numfashi biyar. In ƙasa ta yi maka nisa, tara filo. Ko goma ne, fara daga nan.