Saniyar da Ta Cinye Mana Ɗaki

A shekarar fari na biyu aka turo ni koyarwa lakol ɗin Agiye, wato makarantar boko, ni da amaryata da akwati ɗaya. Cikin gari babu ɗakin da ya dace da aljihuna, sai muka kama haya can bayan gari, a sabuwar unguwar da ta fara cin gonaki, inda in ka wuce gidanmu sai fako. Maigidan dattijo ne, manomi, mai sanyin murya. Ya yanke mana sashe guda: ɗakin laka mai jinka, rumfa a ƙofa, da makewayi, duk an zagaye da darnin kara. Ranar da muka tare na ga wata jar saniya a turke, ƙahonta ya fi ƙarfin jikinta, ban ko tambaya ba. Da na san da ita zan raba ɗakin, da na tambaya.

Saniyar ba tasa ba ce. Ta wani Bafillace ce, amininsa, wanda kowane rani yakan sauke garkensa a gonar dattijon, shanu su bar taki, shi ya samu hatsi, kamar yadda iyayensu suka yi. Da makiyaya ta ƙone ya kora shanunsa kudu, ya tsallake iyaka, ya bar wannan saboda ciwon ƙafa ya hana ta tafiya. Amana ce, dattijon kuma ya yi alkawarin zai miƙa wa mai ita igiyarta tana da rai.

Harawa ta ƙare tun da wuri. Dusa kuwa mutane ne suka koma cinta. Dattijon ya fara da darnin sashensa, ya bi da jinkar rumbunsa, tunda rumbun ba kome a ciki. Yakan daddatse karan, ya jiƙa da ruwan kanwa, ya tura mata. Ina gani ina cewa Allah sarki. Na manta cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Wata rana na dawo daga lakol, tun daga hanya nake hango amaryata tana daka. Darninmu na gabas babu shi. Na sami dattijon da fushina, na ce Baba, haya nake ko kiwo? Ya ba ni haƙuri, ya ce kara ne kawai, damina na sauka zai yi mini sabo. Na ɗaga kai na dubi sama, fari fat, na ce wace daminar?

Bayan darni sai rumfa, muka koma cin tuwo a tsakar rana. Bayan rumfa sai makewayi. Amaryata ta rataye zannuwan aurenta a madadinsa, amma zane ba ya jin maganar iska. Akwai wani mai amalanken jaki da ke wucewa kowace safiya, mutum mai ladabin da ya yi yawa. Ko ina tsakiyar wanka, kumfa har ido, sai ya tsaya ya tambaye ni kwanan iyali da gajiya. Har yau in na tuna shi raina yakan ɓaci.

Ana wata ga wata, saniyar ta kai inda in ta kwanta ba ta iya tashi da kanta. Sai an zura sanduna ƙarƙashin cikinta, maza sun kama sun ɗaga, a riƙe ta har ƙafafunta su tuna aikinsu. Mazan unguwa kuwa rabi sun tafi cin rani. Saboda haka kullum, na sa farar rigata, na ɗauki littattafai, sai in ji muryar nan mai sanyi tana neman in kama musu. Kullum kuma ni ake ba wajen wutsiya. Abin da na sha shiga aji da shi a wando ba na faɗi ba ne.

Na nemi wani gidan, na rasa. Mutanen ƙauye sun kwararo, ko zaure ba a bari ba. Na dawo ina huci, na tarar da amaryata tsugune tana jiƙa wa saniyar kara da hannunta. Na ce har da ke? Ta ce ita dai ba za ta iya jin kukan dabba ta haɗiye tuwo ba.

Rannan da la'asar dattijon ya zo ya tsuguna a gabana, mutumin da a haife ya haife ni, ya cire hula.

"Malam, saura jinkarka."

Na yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo, ko da yake babu abin da ya rage da za a leƙa ta kansa. Ya bari na gama.

"In mai ita ya zo, mi za ni ce mishi?"

Na ce rabi, rabi kawai. Rabin nan ya yi ta rarrafe har abin da ya rage bai wuce inuwar gado ba, muna kwance muna ƙirga sandunan tsaiko.

Sai ruwa ya sauko, da iska da kome. Unguwa ta ɗauki guɗa, mu kuwa muna kifa tasoshi a kan littattafai, katifa ta sha ta ƙoshi. Da gari ya waye muka tarar da saniyar kwance cikin taɓo, sanyi ya shige ta. Muka zura sanduna, muka ɗaga, ta zube. Muka sake, ni da ba na son ta na fi kowa nishi. Dole dattijon ya sa mata wuƙa kafin rai ya fita. Ban taɓa jin haushin wata dabba kamar nata ba. An kwance mata gida sukutum, abin da aka roƙe ta kawai ta ɗan jira ciyawa, ta ƙi.

Ƙasa ta fara kore ke nan Bafillacen ya iso, a ƙafa, daga shi sai sandarsa. Shanun da ya kora kudu ko ɗaya bai dawo da ita ba. Jar saniyar nan ce ya sa rai zai tada garke da ita. Tun daga ƙofa idonsa na kan turke. Dattijon ya shiga ɗaki ya fito da igiya da fata, ya miƙa masa. Bafillacen ya dubi gidan da ba darni, ya dubi ɗakina, ya tambayi wanda ke kwana ciki. Aka nuna ni. Ya kama hannuna da nasa biyu ya yi mini godiya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Daga nan ya je ya tsuguna a gindin turken, inda ciyawa ta fi ko'ina tsiro saboda takinta. Ya yi ta tsinka yana tarawa har hannunsa ya cika, sannan ya zauna riƙe da ita.