Na'am Ɗin Da Yaya Mudassir Bai Ce Ba

Duk wanda ya saba zuwa karar shanu ta Wudil a shekarun baya ya san Yaya Mudassir, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai faffaɗan kunnuwa da ke bin Babanmu, Malam Ƙasimu dillali, kowace Juma'a. Ni ce ƙanwarsa Sakina, kuma tun muna yara aku nake ce masa. Wallahi bakinsa ba ya hutawa! Bafulatani ya zo da bijimi, kafin a taya, Yaya ya kwashe gaisuwar Fulatanci kaf. Bayarabe ya zo lodin shanu zuwa kudu, sai ka ji yana tsokanarsa da Yarabanci, mutumin ya riƙe ciki yana dariya. Ba wanda ya koya masa, kunne ne kawai Allah ya ba shi.

Duk surutun nan, mutum ɗaya ce ba ya hira da ita, Innarmu Yelwa. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gasken gaske. Ana yaye shi aka kai shi Lajawa wurin kakarmu, sai da ya isa makaranta ya dawo gida. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" take ce masa, ko ta ce min, "Kai wa yayanki." Har ɗan maƙwabtanmu da aka sa wa Mudassir, "mai sunan wancan" take kiransa. Ba ƙi ba ne, ni shaida ce: duk tsokar da ta fi girma a miya kwanonsa take faɗawa, ni kuma a bar ni da ƙashi ina ƙunƙuni.

Wata rana muna tsinkar zogale ya ce min, "Sakina, ni dai ina so in ji yadda sunana yake a bakinta, ko sau ɗaya ne." Na ce, "Kai aku, duk yarukan da ka ji ba su ishe ka ba?" Ya yi murmushi, ya ci gaba da tsinkar zogalensa.

Da ya gama sakandare ya shiga soja. Aka tura su gefen Tafkin Chadi, inda suke aiki tare da sojojin maƙwabta masu jin Faransanci. Can ma halin nasa bai bar shi ba, wani hafsa ya ji shi yana harhaɗa kalmomi da wani sojan Chadi a wurin cin abinci. Shi ke nan, aka sa sunansa cikin waɗanda za a tura kwas ɗin tafinta. Ranar da ya gaya mana, Baba har goro ya raba a majalisa. Inna kuwa ta juya baya tana gyara murhu, ta ce, "Allah ya tsare." Amma da yamma na ga ta soya masa dambun nama cike da roba.

Kwas ɗin nan, jama'a, ba karatu ba ne, horo ne. Shi ya ba ni labari daga baya. Tun daga ƙofa ake rantsar da kai cewa ka ajiye Hausa, ka ajiye Turanci. Rediyon Faransanci ke tashin su da asuba. A wurin abinci, in ba ka iya neman cokali da yaren ba, to ka ci da hannu, in ba ka iya neman gishiri ba, ka ci lami. Da rana a toshe musu kunne da maganar oba-oba mai ƙara da shuu, a ce su fassara nan take, wai haka za su ji ta a daji. A sa su gudu da jaka a baya, malami na biye da su yana jefo tambaya. Ya ce har mafarkinsa ya koma Faransanci. Wayar gida kuwa sai ranar Lahadi da yamma. Wanda aka kama da yarensa a wata rana daban, a yi masa gargaɗi, in ya sake a mayar da shi bataliyarsa da kunya. Yaya kuwa an riga an yi masa gargaɗin, don ya taka ƙusa ya ce "wayyo Allah, ƙafata!"

Ana cikin haka ciwon Inna ya tashi, ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya. Muka kwanta a asibiti. Ranar Laraba da hantsi ta dube ni ta ce, "Kira min yayanki." Na ce, "Inna, ai sai Lahadi." Ta ce, "Kira dai."

Na kira, ya ɗauka. Na kara mata wayar a kunne, na buɗe murya don hannunta ba ƙarfi. Ta kawar da kai kamar budurwar da aka sa ta yi magana a gaban surukai. Sannan ta ce, a hankali, "Mudassir."

Ban taɓa ji ba, shi ma bai taɓa ji ba.

Sai muryarsa ta fito da wani yare mai bi ta hanci, ya yi 'yar magana ya kashe. Ashe a bakin aji yake, malaminsu na tsaye a gabansa ya zuba masa ido. Wai abin da ya faɗa shi ne, "Ki yi haƙuri, zan kira ranar Lahadi." To wa zai fassara mana?

Inna ta ture wayar. Ta ce, "Kin kira wani ne, Sakina. Kin sa na faɗi sunan a kunnen baƙo." Na rantse mata shi ne, ta girgiza kai, ta ja mayafi ta rufe fuska don kunya. Ba ta kai Lahadin ba.

Ya kira kuwa ranar Lahadi, muna zaman makoki. A fusace na ɗauka. Na ce, "Yanzu ka tuna Hausar? To riƙe abarka, mai jin ta ta tafi." Har gobe ina jin haushinsa, ina jin haushin malamin, ina jin haushin kunyar nan da ta cinye musu shekaru. Kuma ina tausayinsa fiye da kowa.

Ya gama kwas ɗin, yanzu saje ne. An ce in ya tsaya tsakanin manyan hafsoshi yana tafinta, ba ka gane wanne ne yarensa na gado. Mutanen unguwa suna alfahari da shi. Amma akun nan ya mutu, in ya zo hutu sai ya wuni bai haɗa magana goma ba.

Zuwansa na ƙarshe, bayan la'asar, ina shara a tsakar gida na gan shi ya nufi ɗakin Inna, wanda yanzu buhunan gero ne a ciki. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa kamar yadda yake yi in ya zo gaishe ta. Na ɗauka addu'a yake yi, sai na matso da tsintsiyata.

"Na'am, Inna," yake cewa. "Na'am. Ni ne."