Burulkan da Shuɗin Furen Kwazazzabo

A saman tsauni aka haifi Burulkan, cikin bukkar ulu, a makiyayar da danginta ke hawa duk shekara idan ƙanƙara ta narke. Can bishiya ba ta tsirowa, sanyi ba ya barin ta. Sai ciyawa, ita ma kowace da gurbinta. Betege, gajeriya mai siririn ganye, ita ke rufe gangaren da rana ke duka, ita ke sa tunkiya kitse. Inda ƙasa ke da laima akwai wata mai kauri kamar tabarma, wadda dawaki ke so. Tsakanin duwatsu kuwa ƙananan furanni ne farare masu gashi-gashi, sun lafe da ƙasa saboda iska.

Ta yi aure, ta haihu, ta binne miji, ba ta taɓa fashin hawa ba. A kan idonta dabbobi suka yi ta ƙaruwa, betegen kusa da zango ta yi ta ja da baya. Inda ta bari, wata doguwar shuka mai shuɗin fure ta shigo, har ta cika kwazazzabon da ke ƙasan bukkoki. Ga kyau, amma daga saiwa har fure dafi ce. Tumakin tsauni sun san ta, ko shinshina ta ba sa yi.

Shekarar da Burulkan ta haura sittin, ɗanta Kubat ya haɗo garkensu da tumakin surukinsa, waɗanda a kwari aka haife su, ba su taɓa hawa ba.

Ta ce, "Kubat, baƙo ko da ido makaho ne. Kada ka bar waɗannan su kusanci kwazazzabon nan."

"Haba Inna, tumaki ne fa, ba jarirai ba. Namu wa ya koya musu?"

"Uwayensu. Su waɗannan uwar wa suka gani?"

Ya yi dariya ya ce, "To sai ki buɗe musu makaranta."

Wata rana da hantsi Kubat ya hau doki ya tafi neman ingarmansu da ya ɓata. Matarsa Ainash tana bayan bukka tana tatsar goɗiya. Burulkan na shanya cuku sai ta ji iska ta juya. Ta ɗaga kai, ta ga hadari baƙi ƙirin ya taso daga bayan dutse. Kafin ta tattara cukun, ƙanƙara ta fara zuba kamar ana jifa da tsakuwa.

Garken da ke kan gangare ya watse. Tumakin gida suka lafe a gindin duwatsu kamar yadda suka saba. Baƙin kuwa suka juya wa iska baya, suka gangara a guje, kai tsaye zuwa kwazazzabo.

"Ainash! Kwance min dokin nan!"

"Inna, ba sirdi a kansa!"

"Kwance na ce!"

Ta taka turke ta haye. Ƙanƙara na dukan fuskarta har ba ta iya buɗe ido sosai, dokin yana zamewa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Da ta isa bakin kwazazzabon ta leƙa ƙasa. Tumakin sun samu mafaka, sun nutse cikin shukar har wuya, ba abin da take ji sai ƙarar tsinkar ganye.

Ta kurma ihu, ta faɗa cikinsu da bulala. Ta kori na gaba, na baya suka zagaye suka koma. Ta sake juyowa, sai ƙafar dokin ta faɗa rami. Ta ji kanta a ƙasa, ƙugunta ya daki dutse. Ta yunƙura, ƙafar ta ƙi. Daga zaune ta dinga ɗibar duwatsu tana jifa, tana zagin tumakin da iyayensu, har Ainash ta iso a guje da karnuka. Su suka fitar da garken.

Lokacin da Kubat ya dawo, ƙanƙara ta ɗauke, rana ta fito kamar ba a yi komai ba. Ya tarar da uwarsa kwance a kan bargo a ƙofar bukka, matarsa tana ɗura wa tumaki nono mai tsami. Waɗansu suna rawar jiki, kumfa na fita a bakinsu. Waɗansu sun riga sun miƙe ƙafa, sun mutu.

Ya zaro wuƙa zai yanka wadda ke shure-shure, don kada nama ya tafi a banza.

Burulkan ta ce, "Mayar da ita kube. Ko kare kada ya lasa. Haƙa rami."

Ya tsaya, ya kasa haɗa ido da ita. "Inna, ni..."

"Ba yanzu ba. Riƙe wa Ainash kan waccan, tana da sauran numfashi."

Mafi yawan garken ya tsira. Washegari Kubat ya sauka kwari da kansa ya gaya wa surukinsa, bai ɓoye cewa an gargaɗe shi ba. Dattijon ya ce, "Tunkiya ana haihuwar wata. Yaya ƙafar tsohuwa?" Ya biyo shi da mai ɗori.

Ƙashin ya kama, amma a karkace. Burulkan ba ta ƙara hawa doki ba. Duk da haka, da lokacin hawa ya zagayo, ƴaƴanta suka ce ta zauna a gari ta huta, sai ta ce ɗakin siminti ya fi ƙugun ciwo. A bayan babbar mota aka kai ta, zaune a kan tarin barguna, tana yi wa direba faɗa duk inda ya faɗa rami.