Da Mutuncin Malamina Na Yi Talla

Lokacin da abin ya faru ni malamin kwantaragi ne a wata lakwal, wato makarantar boko, cikin Maradi, ina haya a unguwar Zariya, ban cika shekara talatin ba, amma kaina ya fi ƙarfin hulata. Abin da ya kumbura ni kuwa bai taka kara ya karya ba. Na iya ordinater, wato kwamfuta, na iya haɗa ɗan bidiyo a salula in ɗora masa rubutu da kiɗa, kuma in na saka abu a shafina na sada zumunta mutane suna tururuwar kallo. Shi ke nan fa, sai na ɗauka duk malamin da ya girme ni zamani ya wuce da shi. Edita, na rubuto ne don abin ya daɗe yana cina a rai. Ba zan ambaci sunan kowa ba, mutum ɗaya da na tona wa asiri ya ishe ni.

A Tibiri aka haife ni, kuma na tashi da i'ina mai tsanani. Kafin in fitar da kalma ɗaya yara sun gama dariya sun watse, don haka na kulle bakina. Wanda ya buɗe shi malaminmu ne na ajin farko. Yana da wata dabara da duk wanda ya bi ta hannunsa ya sani: da gangan zai rubuta lissafi ba daidai ba a kan allo, ya juyo yana kakkaɓe alli kamar bai san komai ba, sai wani yaro ya gano ya gyara masa. Shi kuma ya dafe kai, ya yi godiya, ya ce da ba don wannan yaro ba yau da ya ji kunya. Wata rana ya yi irin kuskuren nan, hannuwa suka tashi, ya ƙi kallon kowa sai ni. Na miƙe ina fama da harshena, gumi na zuba, shi kuwa ya harɗe hannu yana jira kamar duk duniya ba shi da wani aiki. Da na fitar da amsar ya sa aji ya tafa mini, ya raɗa mini suna Sarkin Magana. Tun ranar bai ƙara kirana da sunana na yanka ba, ko bayan na girma na zama malami, ko bayan an mai da shi Jiratawa ya zama shugaban makaranta.

To, wata ƙungiya da nake ciki ta samu tallafin ordinatoci don koya wa malamai aiki da su duk ranar Asabar, aka ɗora mini yaɗa labarin a shafukan sada zumunta da zaurukan hira na malamai. Na yi sanarwa har na gaji, ɗaki fayau, sai mutum uku ko huɗu. Ba ƙin ilimi ba ne, kunya ce. Malami ya fi son ya kwana da jahilcin abu da a gan shi yana lalube. Shi ya sa ma in muka taru don gwajin darasi, wani ya koyar sauran su yi masa gyara, sai an sallami ɗalibai an rufe ƙofa, kuma abin da aka faɗa a ciki a ciki yake mutuwa. Wannan doka ba a rubuce take ba, amma ko sabon malami ya san ta, ni ma na san ta sarai. Shugaban ƙungiyarmu ya ce in ɗakin bai cika ba za a kwashe na'urorin a kai wata jiha. Sai na hau babur na tafi Jiratawa, don na san in tsohon malamin nan nawa ya taka ƙafa ya zo, babu malamin da zai ce ya fi ƙarfin zuwa. Na same shi a lambunsa na zogale bayan an tashi lakwal. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, ya yi dariya ya ce saura masa shekara biyu ya ajiye aiki, me zai yi da wannan akwati, amma tunda Sarkin Magana ne ya yi kira, talaka ba ya ƙin amsawa. Ya ɗebi zogale ya ƙulle ya ce in kai wa mahaifiyata.

Ranar Asabar sai ga shi cikin farar riga, ya jawo malamansa kaf, har da wasu dattijan mata uku da suka zauna can baya suka cusa hannuwansu cikin hijabi. Mai koyarwa ya gama bayani ya ce wa zai fara gwadawa. Kowa ya sunkuyar da kai. Sai tsohon ya miƙe ya ce bari babba ya fara faɗawa rijiyar, a ga zurfinta. Ya zauna, ya ɗauki ɗan abin nan da ake ja a kan tebur don motsa kibiya, ya ɗaga shi sama ya nuna wa gilashin ordinater yana dannawa, kamar mai sauya tashar talabijin. Aka ce a kan tebur ake jansa. Ya ja, ya ja, tebur ya ƙare, ya ci gaba da ja a kan cinyarsa. Ɗaki ya fashe da dariya, shi ya fi kowa ma, har da share hawaye. Sannan ya juya wajen matan nan ya ce to ga shi sun gani, abin ba ya cizo, kuma duk wautar da za a yi ya riga ya yi ta, babu sauran wadda ta rage musu. Wallahi nan take suka taso ɗaya bayan ɗaya. Kafin azahar kowa ya rubuta sunansa da hannunsa. Ni kuwa ina gefe da salula, na ɗauki komai tun daga farko har ƙarshe.

Ga inda shaiɗan ya zauna mini a kafaɗa, ko da yake ba zan ɗora masa duka ba, hannuna ne ya yi aikin. Bayan la'asar na zauna na yanke bidiyon. Na cire inda yake dariya, na cire maganarsa, na cire tasowar matan. Na bar tsoho shi kaɗai yana nuna wa gilashi abu yana ja a cinya, na sa kiɗan ban dariya, na rubuta a ƙasa cewa duk malamin da ba ya son zamani ya mai da shi haka, ya zo horo ranar Asabar. Ban tambaye shi ba. Na ma yi tunanin tambayar, sai na ce ai ƙaramar waya mai maɓalli gare shi, ina zai gani? Ku ji fa hujjar mai ilimi!

Kafin gari ya waye abin ya bazu. Shugabanmu ya kira ni yana sa mini albarka, malamai na ta neman a rubuta sunansu. Kwana biyu sai na ga wasu sun kwashi bidiyon sun goge rubutuna, wani ya ɗora masa waƙa, wani ya ɗora muryar shaƙiyanci. A ƙasa kuwa zagi ne iri-iri. Wai irin waɗannan ne suka kashe ilimi, wai a kore su a ba matasa. Mutanen da ko sunansu ba su iya rubutawa daidai ba su ke yanke wa wanda ya shekara talatin da wani abu a gaban allo hukunci. Na karanta duka, na ji wani abu ya soke ni, amma ban goge ba. Wannan ita ce maganar da ta fi yi mini nauyi, kuma ita na zo in faɗa: a ranar farko ina da ikon cire shi, na bar shi saboda masu kallo suna ƙaruwa kuma sunana ne a sama.

Bayan kamar mako biyu ɗaya daga cikin dattijan matan nan ta zo har lakwal ɗinmu. Ta ƙi zama, ta ƙi shan ruwa, a bakin ƙofar aji ta tsaya ta zayyana mini. Ta ce bidiyon ya kai Jiratawa ta wayoyin samari. In tsohon zai wuce tasha sai wani ya ɗauki dutse ya nuna wa bango yana dannawa. A taron iyaye wani ya miƙe ya tambaya ko wanda bai iya wannan ɗan abu ba zai iya riƙe makaranta. Duk wannan ya shanye. Abin da ya karya shi a cikin aji ya faru. Ya shiga ajin manya ya rubuta kuskurensa na gangan kamar yadda ya saba, ya juyo yana jiran mai gyara, sai yara suka kwashe da ihu suna buga tebur, suna cewa ashe lissafin ma bai iya ba. Ta ce ya dube su, ya goge allon tas, ya ajiye alli a kan tebur, ya fita. Ta dube ni ta ce saboda su ya tashi a ranar, don ya ɗauke musu kunya, ni kuma na ɗauki kunyar na kai kasuwa.

Ban gama farfaɗowa ba mahaifiyata ta aiko in zo Tibiri. Ashe a wajen wani suna wata mata ta nuna mata bidiyon ana ƙyaƙyata, ita mahaifiyata ba ta san ɗanta ne ya yi ba sai da aka karanta mata sunana. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa ba. Ta tambaye ni wa ya buɗe mini baki. Ta ce ita ta haife ni amma ta kasa, boka ya kasa, rubutun sha ya kasa, bawan Allan nan ya zauna ya jira ni har na yi magana, shi ne da haƙora suka fito na fara da cizonsa. Ta ce zogalensa da na kawo mata yana nan a cikinta, da tana da iko da ta amayar. Ta rantse ba zan ƙara sa hannu a tuwonta ba sai na je na nemi gafararsa.

Na goge bidiyon daga shafina a hanya, amma magana zarar bunu ce, na sani aikin banza nake. Na same shi a lambu yana ban ruwa. Na yi sallama, ya amsa da fara'a, ya ce malam sannu da zuwa, yaya iyali, yaya ɗalibai. Malam! Tun ina ɗan shekara bakwai ban taɓa jin wannan kalma daga bakinsa a kaina ba. Na durƙusa cikin laka zan ba da haƙuri, sai harshena ya sarƙe. I'inar da na rabu da ita shekara ashirin ta dawo mini ɗanya. Shi kuwa ya jingina da fartanyarsa yana jira, irin jiran nan nasa, bai katse ni ba har na kai ƙarshe. Sannan ya ce in nuna masa abin, don kowa ya gani ban da shi. Ya kalla sau biyu. Ya tambaye ni ina sauran, ina inda matan suka taso. Na ce na yanke. Ya ce saboda me. Na ce in ya yi tsawo mutane ba sa kallo. Ya gyaɗa kai. Ya tambaya ko ɗakin ya cika, na ce ya cika har ana tsayuwa. Ya ce to alhamdu lillahi, ragon bai mutu a banza ba. Ya ce ya yafe mini duniya da lahira, ya ƙulle zogale kamar kullum ya ce a kai wa tsohuwa, ya rako ni har bakin hanya ya ce malam a sauka lafiya. Da ya zage ni, ko ya ɗaga fartanyar nan ya sauke mini, da na fi samun sauƙi.

Daga baya na saka cikakken bidiyon tare da neman gafara. Waɗanda suka kalla ba su kai cikin cokali ba, mutanenmu ba gyara suke nema ba, abin dariya suke nema. Horon ma da na yi abin dominsa, ɗaki ya cika amma in ina ciki babu mai taɓa na'ura. Ƙarshe malamai suka ce sai dai a tara wayoyi a kwando a bakin ƙofa, ni kuma in jira a waje. Na tattara na bar ƙungiyar, shugaban da ya sa mini albarka ko kirana bai yi ba. Tsohon ya ƙarasa shekarunsa biyu daga ofis, yana sa hannu a takardu, bai ƙara riƙe alli ba har ya ajiye aiki. Yaran da za su koyi magana a hannunsa kamar yadda na koya, ban san adadinsu ba, amma na san ni na hana su.

Abin da na koya ɗaci gare shi. Koya wa malamai na'ura alheri ne, yaɗa shi ma alheri ne, har gobe ina kan wannan. Amma wanda ya yarda ya zauna a gabanka yana koyo ya tuɓe maka rigarsa ne, amana ya ba ka. 'Yan'uwana matasa masu yawo da salula a hannu, kafin ku danna ku tambayi mai fuskar, ku nuna masa abin da kuka yanke da abin da kuka bari. In ba za ka iya saka mahaifinka a haka ba, kada ka saka uban wani. Masu kallon da kuke ƙirgawa gobe sun koma kan wani, ku za a bari da abin. Ni duk Salla nakan je Jiratawa in gaishe shi. Yakan sa a shimfiɗa mini tabarma, ya tambayi tsohuwa, ya yi mini addu'a. Ina zaune ina kasa kunne ko zai manta ya kira ni da sunan nan sau ɗaya. Shekara biyar ke nan, bai taɓa mantawa ba.